Ɓarawon da Aka Kira Yaya Narcisa Ta Kama

Yayata Narcisa Pilligua ita kaɗai ce a gidanmu da teku bai karɓa ba. Mu 'ya'yan Punta Garza ne, garin da yaro ke iya tuƙa kwale-kwale tun bai iya rubuta sunansa ba, amma ita ko a bakin ruwa ta tsaya tana kallon igiyar ruwa, sai jiri ya ɗebe ta. Ranar da Baba ya gwada shiga da ita, ba su yi nisa ba ya juyo. Ya sauke ta a kan yashi ta galabaita da amai, ya ce wa Inna, "Wannan taki ce. Ki nema mata abin yi a tudu."

A tudun ma ba ta tsinana abin kirki ba. In an ba ta kifi ta gyara, sai ta yanke yatsa. Ga raunin ido, sai ta kai abu har hanci kafin ta gane shi. Abu ɗaya ta iya, tambaya. In Inna ta ce sukari ya ƙare, Narcisa za ta ce, "Yaushe? Shekaranjiya fa aka saya." Ba rashin kunya ba ne, ita dai ba ta iya barin abu ya wuce ba ta gane yadda aka yi ba. Yaya Wilfrido, babbanmu duka, wanda shi ke lashe sukarin, tun a lokacin ya tsani wannan hali nata. Ni Maritza ni ce auta, kullum ina tsakiyarsu ina rabon faɗa.

Da ta gama firamare, Goggo Auxiliadora, ƙanwar Baba da ke aure a birnin Portoviejo, ta ɗauke ta. Can aka yanka mata tabarau, can ta yi sakandare, ta samu aiki a wani banki tana karɓar ajiya a bayan gilashi. Mu a gari sai alfahari. Duk wanda ya shiga birni sai ya biya ya leƙa ta, ko ba shi da ko sisi a bankin.

Sai shekarar nan ta zo da bankuna suka yi ta durƙushewa, gab da a canza mana kuɗi zuwa dala. Nasu yana cikin waɗanda suka rufe. Manyan sun riga sun hau jirgi sun bar ƙasar, aka bar ƙananan ma'aikata da jama'a. Narcisa ta ba ni labarin wata tsohuwa da ta sayar da shanunta ta kawo ajiya. Tsohuwar ta tare ta a bakin titi, ta riƙe mata hannu, ba zagi ba ihu, ta ce, "'Yata, ni ban san wani banki ba. Hannunki na ba. Ina suke?"

"Maritza, ban sani ba," in ji Narcisa da take ba ni labarin. "Ta hannuna suka wuce, amma ban san inda suka nufa ba. Na tsaya a gaban matar nan kamar gunki."

Wannan rashin sanin ne ya hana ta sakat. Ta samu aiki a wani kantin magani, tana tashi ta wuce karatun yamma, har ta zama cikakkiyar akanta. Daga nan ta karkata ga binciken zamba. Aikinta shi ne, in dukiya ta ɓace a kamfani ko ƙungiya ko ofishin gwamnati, aka rasa wanda ya ci, sai kotu ko masu dukiyar su kira ta. Ta bi sawu tun daga inda abin ya shigo har inda ya fita, ta rubuta rahoto, ta tsaya a gaban alƙali lauyoyi su yi ta juya ta. A wajen karatun yamman ta haɗu da mijinta Eloy, malamin makaranta, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin sun yi ƙorafi ba.

Ta yi suna da cewa ba ta yarda da abin da ke kan tebur kaɗai. An taɓa ba ta binciken wani ɗan kwangila da takardunsa suka nuna ya gina makaranta a wani ƙauye, komai tsaf, har da hotuna. Ta hau motar haya ta je ƙauyen, ta tarar da fili da jakuna biyu suna kiwo. Hotunan na wata makaranta ce a wani gari. Da Kirsimeti ta zo, mutumin ya aiko mata da ƙaton talotalo. Ta tare tasi, ta ɗora talotalon a kujerar baya, ta biya direba ya mayar masa. Eloy ya tsaya a ƙofa yana kallon motar har ta ɓace, ya ce, "Narcisa, ko fiffike ɗaya ba za a bar mana shaida ba?" Duk inda za ta je bincike da kularta ta abinci take tafiya. Ko ruwa ba ta sha a gidan wanda take bincika.

Mu kuwa a Punta Garza muna nan da ƙungiyar masuntanmu, wadda su Baba suka kafa. Tsarinta mai sauƙi ne. Ƙungiya na ba kowane kwale-kwale fetur mai rangwame da gwamnati ke warewa masunta, ta ba shi ƙanƙara. Shi kuma duk abin da ya kamo sai ya kawo sikelin ƙungiya, ita ta kai birnin Manta ta sayar, ta cire nata, ta biya shi a ƙarshen wata. Manajan da ke riƙe da wannan duka shi ne Don Ulbio Bailón, dattijo mai ƙaramin jiki, wanda ya fi shekara ashirin a kujerar.

Sai abubuwa suka fara lalacewa. Kifin da ke zuwa sikeli ya yi ta raguwa, kowa na cewa teku ya bushe. Motar ƙungiya ta lalace aka kasa gyarawa. Rabon riba na ƙarshen shekara ya tsaya. Ana cikin haka Don Ulbio ya yi wa gidansa sabon rufin kwano, 'yarsa kuma ta shiga jami'a. Shi ke nan, magana ta tashi. Wani ya leƙa takardun da manaja ke aika wa gwamnati, ya ga an rubuta kifi mai yawan gaske, wanda ba wanda ya ga kuɗinsa. Aka ce ai ga ta nan a fili: kifi na shigowa, tsoho na sayarwa yana zubawa a aljihu. Aka kore shi daga ofis, wani matashi har da marinsa a gaban mutane, aka kai ƙara.

Lauyan da 'yan ƙungiya suka ɗauka ya ce musu zargi ba ya ɗaure mutum, sai sun samo akanta mai bincike ya tabbatar. Klever Mero, shugaban ƙungiya, abokin Yaya Wilfrido tun suna yara, ya ce, "Me ya kai mu neman baƙo? Ga 'yarmu a Portoviejo."

A rumfata suka same ta. Ina sayar da abinci a bakin ruwa, shinkafa da miyar gyaɗa da kifi da soyayyen agade, kuma duk sa'ad da Narcisa ta zo duba Inna nan take zama. Klever ya cire hula ya ce, "Ƙanwata, mun zo ne ki share mana hawaye. Ɓarawon ma mun san shi. Igiya kawai muke so ki saƙa mana."

Narcisa ta gyara tabarau. "Yaya Klever, in kun san shi, me zan yi muku?"

"Ki rubuta shi da harshen da alƙali ke ji."

"Ni ba haka nake aiki ba. In na fara bin sawu, duk inda ya shiga nan zan shiga. In ya shiga gidan Don Ulbio, to. In ya shiga wani gida, nan ma zan ƙwanƙwasa. Kuma ku sani ɗan'uwana yana cikinku, dole in rubuta haka a shafin farko. Ku nemi wani, zai fi muku."

Yaya Wilfrido ya yi dariya. "Kun ji ta ko? Tun tana yarinya haka take. Ke dai ki zo ki yi. Wa kike tsoro?"

Suka dage, lauyan Don Ulbio ma ya ce ya yarda da ita, ta karɓa. A gidana ta sauka.

Da tsohon ta fara. Ba ta sha wahala ba ta gano cewa ɗansa da ke aikin gini a Sifen ne ya aiko da kuɗin kwano, 'yar kuma tallafin karatu ta samu. Ba shi da fili a ɓoye, ba shi da ajiya da sunan wani. Amma kifin da ya rubuta wa gwamnati, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ta je Manta wajen masu sayen kifin ƙungiya, ta ga abin da suka karɓa bai kai rabin abin da aka rubuta ba. Wato kifin da ake cewa ya sace bai taɓa hawa sikeli ba.

Ta dawo tana juya abin a ranta. Wata rana da hantsi tana zaune a rumfa, ana jan kwale-kwale zuwa tudu, ta ce da ni, "Maritza, mutumin da bai kamo kifi ba, me zai yi da ƙanƙara?"

Na ce, "Ya dawo da ita mana, ko ta narke."

"Ƙanƙarar da suke ɗiba bana ta fi ta kowace shekara. Fetur ma haka. Kuma dubi can." Ta nuna min da haɓa. "Injin wancan sabo ne. Na kusa da shi ma. Baburan da na gani a ƙofar coci ranar Lahadi, ban san garin nan da su ba. Teku ya bushe, amma gari bai bushe ba."

Mijina direban tasi ne, ba mu da kwale-kwale, amma mai sayar da abinci kunnenta a buɗe yake. Na sha jin ana ambaton wani lungu bayan dutse, kudu da gari, ana rage murya. Ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba. Na faɗa mata abin da nake ji.

Ta yi kwanaki tana sa mijina ya kai ta can da sassafe. Hanya ce ta ƙasa da ke gangarawa wani ɗan yashi da dutse ya kare. Nan motocin dillalai ke jira da sikelinsu. Kwale-kwale zai biyo ta nan tukuna, ya sauke manyan kifi, a biya shi nan take, sannan ya zagayo gari da ƙanana ya kai wa ƙungiya, mai shi yana girgiza kai yana cewa yau ma ba sa'a. Da fetur ɗin ƙungiya aka fita, da ƙanƙararta aka adana, riba kuma ta tafi wani wuri. Ba mutum biyu ba, ba biyar ba. Kusan kowa. A rana ta uku ta ga kwale-kwalen da aka rubuta wa Celeste a jiki da shuɗin fenti. Sunan Innarmu ke nan, kwale-kwalen kuma na Yaya Wilfrido ne.

Da ta dawo gari, ta wuce gidan Don Ulbio. Matarsa Doña Fanny ta so ta rufe mata ƙofa, tsohon ya ce a bar ta ta shigo. Narcisa ta ce ta same shi ya rame, yana zaune ya zuba wa bango ido.

"Baba Ulbio, ba ka saci kifi ba," ta ce masa. "Amma ka rubuta kifin da babu. Don me?"

Ya sauke ido daga bango. Sannan ya ce, "In na rubuta gaskiya, gwamnati za ta ga fetur mai yawa, kifi kaɗan. Za ta ce muna karkatar da man, ta yanke mana. In ta yanke, garin nan ya mutu."

"Ka san inda kifin ke zuwa?"

"Wa bai sani ba, 'yata?"

"To me ya hana ka faɗa ranar da suka kore ka?"

"In faɗa wa wa? Rabinsu ni na riƙe su a baftisma. Wanda ya mare ni, ni na kai uwarsa asibiti ranar da za ta haife shi. Na ɗauka in na rufa musu asiri shekara ɗaya za su dawo hanya. Shekara ta zama uku." Ya ɗago ya dube ta. "Za ki rubuta nawa laifin?"

"Zan rubuta, Baba."

"Na sani," ya ce. "Je ki."

Daga nan ta nufi gidan Yaya Wilfrido, ta ce in raka ta. Muka same shi a inuwa yana ɗinkin koma. Ta zauna a kan wani kifaffen bokiti ta ce, "Yaya, na ga Celeste a bayan dutse."

Hannunsa ya tsaya. Ya dube ni, ya dube ta. "Leƙen asirina kike yi?"

"Aikin da kuka ba ni nake yi."

"Kwando biyu ne, Narcisa! Wani lokaci uku. Dillali yana biya a take, ƙungiya sai ƙarshen wata, wani watan ma ta ɗaga. Yara ba sa cin ƙarshen wata. Ke kina birni albashi na zuwa miki, kin san abin da ake nufi da inji ya mutu a tsakiyar ruwa? Kwandona biyu ne zai rusa ƙungiya?"

"Naka kaɗai ba zai rusa ba. Amma kowa da nasa kwando biyun. Kowa ya san nasa, ba wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya."

"To ki haɗa na tsoho mana! Shi da ya rubuta ƙarya?"

"Na haɗa. Ya rubuta ƙarya don ya rufe ramin da kuka haƙa. Yaya, mutumin nan kurkuku za a kai shi a kan abin da bai ci ba. Kai ka tashi a taron ƙungiya na ranar Lahadi ka faɗa da bakinka. In babba irinka ya fara, sauran za su bi, abin zai zo da sauƙi."

Ya miƙe ya yar da komar. "Uwa ɗaya ta haife mu. Ki tuna da wannan ranar Lahadi."

Inna ta riga ta tsufa sosai a lokacin, amma labari ya kai mata. Ta kira Narcisa ɗaki ta ce, "Ba za ki iya cewa ba ki gano komai ba? Ki ce takardun sun rikice, ki koma gidan mijinki."

"In na yi haka, Inna, Baba Ulbio za a ɗaure."

Inna ta juya fuska ga bango. Ita ma ta san Ulbio tun suna matasa.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci aka cika rumfar ƙungiya, maza a kan benci, mata a tsaye a baya. Wasu har da raha suka zo, suna jiran a faɗi yawan abin da tsoho ya ci. Narcisa ta tsaya kusa da sikeli. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai da aka yi tsit. Ta fara da kwano da karatun 'yar, ta ce ba kuɗin ƙungiya ba ne. Aka fara gunaguni. Ta ce Don Ulbio ya yi wa gwamnati ƙarya, kuma zai amsa wannan. Aka ce yawwa. Sannan ta yi maganar ƙanƙara da fetur, ta ce ta je bayan dutse ta ga motocin dillalai da idonta.

Kowa ya sunkuyar da kai, ba mai son haɗa ido da na kusa da shi.

Klever ne ya fara farfaɗowa. "Wato mu ne ɓarayin? Mun kira ki ki kama mana ɓarawo, kin zo kina zagin iyayenki?"

"Ban kira kowa ɓarawo ba, Yaya Klever. Kun tambaye ni inda dukiyarku ta tafi, na faɗa muku. Kuma na rubuta cewa ƙungiya ma da nata laifin, don wanda ya kwana a ruwa bai kamata ya jira wata guda kafin a biya shi ba."

Wani daga baya ya ɗaga murya. "Nawa tsoho ya ba ki?" Wani kuma ya ce, "To ɗan'uwanki fa? Shi waliyyi ne?"

Na ga ta runtse ido. Da ta yi shiru, da an ce ta rufa wa nata asiri. Ta buɗe ido ta ce, "Har da shi."

Yaya Wilfrido ya tashi ya fita, bai waiwayo ba. Taro ya watse da hayaniya. Wata mata ta tofa yawu a gaban Narcisa. Da muka koma gida ta shiga kicin ɗina ta zauna a ƙasa, ta cire tabarau, ta yi kuka irin wanda ban taɓa gani a wajenta ba. Ni ma a lokacin haushinta nake ji. Na ce, "Yaya, ba wata hanya?" Ta ce, "Na nema, Maritza. Kwana da kwanaki ina nema."

Abin da ya biyo baya bai yi wa kowa daɗi ba. Kotu ta wanke Don Ulbio daga sata, amma ta ci shi tara a kan rahoton ƙarya, aka hana shi sake riƙe irin wannan aiki. Bai taɓa yi mata godiya ba, Doña Fanny kuwa har ta mutu ba ta sake gaishe ta ba. Gwamnati ta dakatar da man rangwame kamar yadda tsohon ya ji tsoro, aka yi kusan shekara ana sayen fetur da tsada. Wasu suka sayar da injinansu, samari da dama suka tafi Manta neman aiki a manyan jirage. Duk wannan a kan Narcisa aka ɗora. Rumfata ta yi watanni ba mai zama sai baƙi. Ana wucewa ana cewa, "A yi hankali, kada a ci a rubuta."

Da Inna ta rasu, Narcisa ta zo jana'iza ita da Eloy. Suka tsaya a gefe ɗaya na kabari, gari duka a ɗaya gefen. Yaya Wilfrido ya karɓi gaisuwar kowa, da ya zo kanta ya wuce. Ranar ta koma Portoviejo, ta yi shekaru ba ta taka Punta Garza ba. Ni nake zuwa wajenta. Ba ta tambayar mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, sai dai ta ce, "Ya ruwa?" in fahimci abin da take nufi, in ba ta labarin kowa.

Ƙungiya ba ta mutu ba. Bayan an dawo da man, aka naɗa wata 'yar ƙanwar Klever manaja, yarinya mai kaifin kai. Ta nemo rance, ta fara biyan masunta a ranar da suka kawo kifi. Dillalan bayan dutse suka rage zuwa, don ba abin da za su fi ƙungiya da shi. Mutane suka yi ta yaba wa yarinyar da wannan dabara. Ba wanda ya ambaci inda aka fara faɗin ta. Da na gaya wa Narcisa, ta ce, "Tana biya dai ko? To madalla."

Ta ci gaba da aikinta. Ta binciki wani asusun 'yan fansho, ta binciki wasu 'yan'uwa da suka cinye gadon marayu, aka taɓa fasa mata gilashin mota, wani lauya ya kira ta 'yar masunta a gaban alƙali, ta ce masa ƙwarai kuwa. Amma ta faɗa min ba ta sake karɓar aiki a inda ta san ko mutum ɗaya ba.

Shekara huɗu da suka wuce Yaya Wilfrido ya faɗi a bakin ruwa, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibiti a Portoviejo. Da aka sallame shi, likita ya ce sai ya riƙa zuwa gashin ƙashi kusan kullum na tsawon watanni, ga shi ban da Narcisa ba su da kowa a birnin, Goggo ta daɗe da rasuwa. Matarsa Glenda ta zo rumfata tana murza hannu, ta kasa faɗin abin da ya kawo ta. Na ɗauki waya na kira Narcisa. Ban gama bayani ba ta ce, "Ɗakin baƙi a share yake. Ku kawo shi."

Ya shiga gidan a keken guragu, fuskarsa a murtuke, bakinsa a karkace. Kwanakin farko ko kallonta ba ya yi. Ita ma ba ta matsa masa ba. Eloy ne ya ja shi da wasan domino, yana barinsa ya ci, har Yaya ya gane ya fusata ya watsar da 'ya'yan wasan da hannunsa mai lafiya. Narcisa ke kai shi gashi kafin ta wuce kotu. Ita ke yanka masa nama ƙanana. Wata rana ta dafa masa miyar gyaɗa da kifi, ya ɗanɗana ya ture kwanon. Da ƙyar ya haɗa kalmomin, ya ce, "Har... yanzu... ba ki iya ba." Glenda ta ce Narcisa ta fita tsakar gida ta yi ta dariya ita kaɗai. Wannan ce magana ta farko da ya yi mata tun ranar taron.

Maganar bayan dutse ba su taɓa tayar da ita ba. Bai ce ta yi daidai ba, ba ta ce ya yafe mata ba. Da ya fara takawa da sanda ya koma gida, sai ta fara zuwa duba shi wasu Asabar ɗin.

Bara ta ajiye aiki, idon ya ƙi. Yanzu takan zo ta kwana biyu a wajena. A gari akwai masu amsa gaisuwarta, akwai waɗanda har gobe in sun hango ta sai su canza hanya. Asabar ɗin da ta wuce tana zaune a rumfa tana ɓare min gyaɗa, Klever ya zo wucewa yana ɗingishi, shi ma ya tsufa. Ya tsaya, ya yi kamar zai wuce, sannan ya ce, "Akanta, an zo lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Yaya Klever. Me ya samu ƙafar?"

"Gwiwa ce. Tsufa."

"A Portoviejo akwai mai duba ƙashi, shi ya duba Yaya. In za ka je ka faɗa wa Maritza, Eloy zai kai ka."

Ya ce to, zai duba. Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya zauna a bakin benci ya ce in zuba masa shinkafa.